Kaulaha da Fas a fita ɗaya: kurakuran masu bin ayari da na masu tafiyar kansu

Da watan Safar ya kama, hirar majalisa a ƙauyukan Gumel, Maigatari da Sule Tankarkar takan koma kan Maulidin Kaulaha ta ƙasar Senegal. 'Yan shekarun nan an ƙara da Fas: tunda an fito, a zarce Maroko a ziyarci Shehu Ahmadu Tijjani a dawo da ladan biyu. Nan take majalisa ke rabewa. Matasa masu waya a hannu su ce za su shirya wa kansu, ba wanda zai ci riba a kansu. Dattawa su ce ayari ya fi rufin asiri. Ni wannan musu ya ishe ni, domin duk shekara ina ganin ɓangarorin biyu suna dawowa da ƙorafi iri ɗaya, kuma tushensa ɗaya ne: an ba da kuɗi ba a ga takarda ba, ko an ga takarda ba a karanta ta ba.

Bari in fara da masu ayari, don nan ne aka taɓa ƙona ni.

Kalmar da ta fi cin kuɗin mutanenmu ita ce "komai na ciki". Madugu zai zo, mutumin kirki a ido, yana da rawani, an san mahaifinsa, ya ce kuɗi kaza ne, komai na ciki. Ba wanda zai buɗe baki ya ce, "Allah ya gafarta malam, komai ɗin me da me?" Kunya ta hana. Shekarar da abin ya same mu, bajimi na kora kasuwar Maigatari ranar Alhamis na sayar don ni da mahaifiyata. Aka ba mu takarda mai tambarin kamfanin jirgi, da sunayenmu, da ranar tafiya da ta dawowa. Kyakkyawa, an ma liƙe ta da leda. Sai da muka gama ziyara a unguwar Madina Baye ta Kaulaha muka nufi filin jirgin Dakar aka ce tikitin zuwa kaɗai aka biya, na gaba kama kujera ne kawai, kuma ya daɗe da faɗuwa. Bizar Maroko da aka ce "tana hanya, za ta same mu a can" ba a ma shigar da takardunta ba. Tsohuwa na zaune a kan jakarta, tana jan carbi, tana tambayata, "Yaushe za a kira mu?" Fas ba mu gan ta ba. Kuɗin Fas kuwa har yau ana cewa a yi haƙuri.

To ku saurara. Takardar kama kujera daban, tikiti daban. Ta farko tana da lamba mai haruffa shida, kuma kowane mai shagon buga takardu zai iya fito maka da ita ba a biya ko sisi ba. Tikitin gaske yana da lamba mai alƙaluma 13. Ka ce a nuna maka ita, ta zuwa da ta tsakiya da ta dawowa. Sannan ka ba yaronka waya ya shiga shafin kamfanin jirgin da kansa, ya sa lambar da sunan mahaifi, ya gani da idonsa. Minti biyar ne. Madugun da ya ji haushin wannan, ya gaya maka halinsa tun kuna gida.

Kuma a rubuta. Masauki ɗaki ne ko tabarma a tsakar gidan wani bawan Allah? Duk biyun ba laifi, baƙuncin mutanen Kaulaha sananne ne, amma kada a karɓi kuɗin ɗaki a shimfiɗa maka tabarma. Abinci sau nawa? Motar Dakar zuwa Kaulaha, tafiyar kusan kilomita 190, wa zai biya? In biza ba ta fito ba, nawa za a dawo da shi, kuma yaushe? Masu cewa rubutu tsakanin 'yan'uwa rashin yarda ne, su koma Baƙara aya ta 282, wadda ta fi kowace aya tsawo a Alƙur'ani, su ga a kan me ta sauka. Ni yanzu al'adata, ba na biya gaba ɗaya. Kashi ɗaya in an fara, kashi ɗaya in na ga biza a cikin fasfo, ragowa in na ga lambar tikiti. Kuɗin kuma ta banki, zuwa asusun kamfani mai rajista da CAC, hukumar rajistar kamfanoni, ba a ƙirga a zaure ba. Wasu madugai na cewa tsarina ya yi tsauri. Ya yi.

Fasfonka kuma ya kwana a jikinka. In an karɓa don biza, ka ɗauki hoton shafin farko tukuna, kuma ya dawo hannunka kafin ku bar Kano. Ayarin da fasfo talatin ke jakar mutum ɗaya, ranar da jakar ta ɓata ku duka kun ɓata.

Yanzu ku matasa, kada ku yi dariya, naku ya fi ban haushi domin kun iya karatu.

Kuna lissafin kuɗin jirgi ko na mota kaɗai, ku ce ayari ya yi tsada. Ina kuɗin zuwa Abuja neman biza da kwana a can? Ina motar filin jirgi, ina layin waya a kowace ƙasa, ina jirgin ƙasa daga Kasablanka zuwa Fas, tafiyar wajen awa huɗu? In kun tara duka, sau da yawa ratar da ke tsakaninku da ayari ba ta kai kuɗin tunkiya ba. Sai kuma ciwon sayen tikiti gutsi-gutsi: wannan kamfani zuwa nan, wancan daga nan zuwa can, saboda intanet ta nuna ya fi sauƙi. Araha ba ta ado. In jirgin farko ya makara ka rasa na biyu, ba ruwan kamfani na biyu da kai, sabon tikiti za ka saya a farashin ranar. In tikiti ɗaya ne ya haɗa zangon duka, su ne za su nema maka wani jirgin. Wani ɗan ƙanwata ya bar awa biyu kacal tsakanin jirage biyu na kamfanoni daban, da kaya da zai ɗauko ya sake aunawa. Na ce, "Kai yaro, ka canza." Ya ce, "Kawu, na duba komai." Kuɗin tsarabarsa ne ya dawo da shi gida.

Maganar biza ma a fayyace ta. Senegal ƙasar ECOWAS ce, ɗan Najeriya zai shiga ya zauna har kwana 90 ba biza. Maroko ba haka ba ce, sai da biza, kuma a Najeriya za ka nema tun kafin ka tashi. Masu cewa "in na isa Dakar sai in nema a can" su sani ofishin jakadanci akasari mazauna ƙasar yake saurara, baƙo mai wucewa sai a ce ya koma gida. Fasfo kuma ya zama da sauran aƙalla wata shida, sunan da ke ciki ya dace da na tikiti harafi da harafi. Muhammad da Mohammed a wurinmu mutum ɗaya ne, a wurin kwamfutar filin jirgi mutum biyu ne.

Masu son bin ƙasa, nan zan ɗaga murya. Hanyar da iyayenmu suka sani, Maraɗi, Yamai, Wagadugu, Bamako, Kayes, a tsallaka Kidira a gangara Tambakunda har Kaulaha, ba ita ce ta yau ba. Nijar, Mali da Burkina Faso sun fice daga ECOWAS a hukumance ranar 29 ga Janairun 2025. An ce za a ci gaba da zirga-zirga ba biza, amma abin da aka faɗa a taro daban, abin da jandarma zai yi maka a shinge da tsakar rana daban. Ya fi wannan muni, titin Yamai zuwa Fada Ngurma da wasu hanyoyin Mali 'yan bindiga sun sha tare su. Wanda ya bi shekara biyar da suka wuce ba shi ne zai ba ka labari ba. Ka tambayi direban da ya dawo makon jiya. Ni dai ba na sa tsoho ko mace a wannan hanya, ko ayari ko ba ayari. Saurayi mai taurin kai kuwa, aƙalla kada ya tafi shi kaɗai, kuma kada ya yi tafiyar dare.

Akwai kuskuren da ba ruwansa da iyaka ko jirgi, na gona. Maulidi na matsowa baya da kwana goma ko sha ɗaya kowace shekara. A 2025 farkon Satumba ya faɗo, a 2026 ƙarshen Agusta, daga nan kuma tsakiyar damina zai riƙa kutsawa shekara da shekaru. Lokacin ne gero ya fid da kai tsuntsu na sauka, riɗi da gyaɗa na son ido, wake na son feshi. Mai bin ayari aƙalla ya san ranar dawowarsa. Mai tafiyar kansa yakan ce sati biyu ya yi huɗu. Kafin ka biya ko kwabo, ka san wa zai tsaya maka a gona, ka ajiye masa kuɗin ƙwadago da na magani a hannu, ba alƙawari ba. Na ga wanda ya sayar da takin da bai zuba ba ya cika kuɗin tafiya. Ya samu ziyara, ya sayi hatsi tun watan Fabrairu.

Sauran ƙanana ne. Katin rigakafin shawara, mai ruwan ɗorawa, ka je a yi maka allurar da gaske aƙalla kwana goma kafin tafiya, ka bar na sayarwa a tasha. Sefa ka saya a Wapa ko Maigatari, ka tabbata ta yamma ce, domin ta Kamaru da Chadi ba ta ciyuwa a Senegal. Dirhamin Maroko kuwa sai can, don haka ka riƙe dala ko yuro, kuma kada ka dogara da katin naira. Agogon Senegal yana bayan namu da awa ɗaya. Ruwan Kaulaha akwai ɗan gishiri, mai ciki mai laulayi ya sayi na roba. Zawiyyar Shehu Tijjani tana cikin tsohon birnin Fas, kusa da masallacin Ƙarawiyyin, lungunan da mota ba ta shiga, ga hawa da gangara, ga zafin Agusta da ke iya haura digiri 40. In da tsoho a tare da kai, ka kama masauki kusa da ƙofar gari, ka bar ƙaton akwati. Masu hawan jini da ciwon suga su ɗebi magani fiye da kwanakin tafiya, a cikin kwalinsa, a jakar hannu.

In aka ce in zaɓa: wanda bai taɓa fita ba, ko mai tafiya da iyaye, ko wanda ba Faransanci ba Larabci, ya bi ayari, amma da sharuɗɗan da na faɗa. Wanda ya saba, ya shirya nasa, su uku ko huɗu, ɗaya ya riƙe lissafi a littafi. Wanda kuɗinsa bai kai ƙasa biyu ba kuma, ya je Kaulaha bana, Fas ta jira shi baɗi.