Darasi na 9: Bin Wata da Taurari Daga Tsayuwarsa Zuwa Ɓatansa

A Maiurno da ke Sudan, da zarar damina ta ɗauke, sama takan washe. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ne lokacin wannan darasi, kafin guguwar habub ta fara turnuƙe gari da ƙura. Ba sai ka sayi komai ba. Ka dai nisanci fitilun kasuwa, ka zauna a bakin kogi kamar minti 20 har idonka ya saba da duhu. Ka bar waya a aljihu.

Watan Musulunci kwana 29 ne ko 30, shi ne jagoranmu. A kwanaki ukun farko, duba yamma bayan magariba, za ka ga jinjirin wata ƙasa-ƙasa. In akwai tauraruwa mai tsananin haske kusa da shi, galibi Zara ce. Ba ta nisa da rana, shi ya sa ba a ganinta da tsakar dare. Takan yi watanni tana fitowa da yamma, ta ɓace, sannan ta dawo ta gabas kafin asuba, lokacin da muke kiranta Gamzaki. Ɗaya ce.

Kullum wata yakan makara fitowa da kusan minti 50. A daren bakwai ya kai rabi. Mai madubin hangen nesa ya duba iyakar haske da duhu a jikinsa, nan ramuka da duwatsu ke fitowa fili. Daren sha huɗu kuwa, ka sha farin wata kawai, haskensa ya dushe ƙananan taurari.

Daga daren ashirin, farkon dare duhu ne sosai. Nemi tauraron da ba ya ƙyaftawa. Irin wannan duniya ce kamar tamu, tana zagaya rana. Mai jan haske Mirriku ne, fari babba kuma Mushtari. In kana da madubin hangen nesa, jingina gwiwar hannu a katanga don kada madubi ya yi rawa, ka duba gefen Mushtari: ƙananan ɗigo har huɗu a jere. Watanninsa ne, Galileo, masanin taurari ɗan Italiya, ya fara ganinsu a 1610. Gobe in ka sake dubawa, sun sauya wuri. Zuhal ma duniya ce mai zobe, amma ganin zoben sai da babban madubi.

Aikin gida: samu littafin rubutu, kowane dare ka rubuta kwanan wata, ka zana siffarsa da tauraron da ke kusa da shi. A kawo wa malam ranar aji.