Yadda ake mai da majalisar masu kiwon tantabara ƙungiya mai rajista

Yawanci a majalisa abin yake farawa. Mutum bakwai ko takwas, kowa da akurkinsa, ana haɗuwa bayan la'asar ana musayar 'yan shila, ana gardamar ta wa ta fi tashi. Ranar da kuka fara karo-karo don sayen buhun dawa da magani, ranar ya kamata alƙalami ya shigo.

Ku kira taro, ku sayi littafi, a rubuta sunan kowa da abin da aka yanke. Ku zaɓi shugaba da sakatare da ma'aji. Wajen ma'aji kada a duba wanda ya fi tsuntsaye, a duba wanda ba ya ƙyashin rubuta naira ɗari biyu.

Sai tsarin mulki, kuma nan ake zama sosai. Nawa ne kuɗin shiga, nawa ne na wata? Me za a yi wa wanda ya yi wata uku bai biya ba? Idan tantabarar wani ta sauka gidan ɗan ƙungiya, cikin kwana nawa zai mayar? Kada ku raina wannan, ta sha raba aminai. Ku kuma rubuta cewa kuɗin ƙungiya ba na rabawa tsakanin mambobi ba ne, don doka ma ta hana.

In harkarku ba ta wuce unguwa ba, rajistar ƙaramar hukuma ta isa. In kuna son asusun banki da sunan ƙungiya ko mallakar fili, sai hukumar CAC mai yi wa kamfanoni da ƙungiyoyi rajista, ƙarƙashin dokar kamfanoni ta 2020. Za ku naɗa amintattu, wato masu riƙe amanar dukiyar ƙungiya, aƙalla biyu, manya masu hankali, waɗanda kotu ba ta kama da zamba ba cikin shekara biyar da suka wuce. Ku nemi amincewar suna ta intanet, sannan a buga sanarwa a jaridu biyu, a jira kwana 28 ko wani zai yi ƙorafi. In shiru, ku miƙa tsarin mulki da bayanan taron da aka naɗa amintattun.

Satifiket na fitowa ku buɗe asusu, cire kuɗi sai da hannun mutum biyu. Sakatare kuma ya riƙe a ransa: rahoton shekara ana kai wa CAC tsakanin 30 ga Yuni da 31 ga Disamba, jinkiri kuwa da tara.