Yadda Matafiyi Daga Zariya Zai Shirya wa Yawon Buɗe Ido da Jagora a Yankin Kansai na Japan

Mafi yawan mutanen Zariya da ƙafarsu ke taka Japan ba yawon buɗe ido ne ke kai su ba. Malaman jami'a ne daga Samaru da ke zuwa taron ƙara wa juna sani, ko ɗalibai masu neman babban digiri, ko kuma 'yan kasuwa masu harkar motoci da kayan gyaransu. Sai dai da wuya mutum ya je ya dawo ba a ware masa kwana biyu ko uku an haɗa shi da jagora domin ya ga gari ba, kuma ɗaya daga cikin yankunan da aka fi kai baƙi shi ne Kansai, inda biranen Kyoto da Osaka da Nara da Kobe suke. Abin da ya kamata mai niyya ya riƙe tun daga gida shi ne, irin wannan yawo an riga an tsara shi daki-daki kafin ranar, saboda haka duk wata buƙata da ba a faɗa ba kafin a biya kuɗi, da wuya a iya shigar da ita bayan mota ta tashi.

Batun hanya ba ya buƙatar dogon bayani. Ɗan Najeriya sai da biza, ofishin jakadancin Japan kuma yana Abuja. Babu jirgin da ke tashi kai tsaye, don haka sai an yada zango a wurare irin su Doha ko Dubai ko Santambul kafin a sauka a filin jirgin saman Kansai, wanda aka gina a kan tsibirin da aka cike a cikin teku, aka buɗe shi a 1994. Daga nan jirgin ƙasa mai suna Haruka yana kai mutum Kyoto cikin kusan awa ɗaya da minti ashirin. Agogon Japan yana gaba da namu da awa takwas, shi ya sa bai dace mutum ya sa ranar yawonsa washegarin saukarsa ba, domin da rana tsaka barci zai riƙa fizgarsa a cikin mota, jagora yana ta bayani shi kuwa yana gyangyaɗi.

Akwai wani abu da ya shafe mu musamman wajen haɗa kaya. Al'adarmu ce idan mutum zai yi tafiya mai nisa iyali su haɗa masa kilishi da dambun nama, amma dokar Japan ta hana shigo da nama da duk abin da aka yi da shi, busasshe ne ko soyayye, kuma akwai karnuka masu sansana jakunkuna a filin jirgi. Ɗanyen kayan itatuwa ma suna ƙarƙashin bincike, don haka mai cin goro ya bayyana shi ga jami'ai, kada ya ɓoye. Haka nan wasu magungunan mura da na rage raɗaɗi da ake saye a kemis a Sabon Gari ba tare da wata tambaya ba, a can suna buƙatar izini ko ma an haramta su. Wanda yake shan magani kullum ya tafi da takardar likita, ya kuma bincika sunan maganin kafin ya tashi.

Wajen zaɓen yawo, iri uku ne aka fi samu. Akwai na babbar bas, inda ake haɗa mutane da yawa daga ƙasashe daban-daban, jagora yana gaba da 'yar tutarsa. Wannan shi ne mafi arha, kuma shi ne mafi tsauri wajen lokaci. Akwai na ƙaramin ayari, wanda yawanci da ƙafa da jirgin ƙasa ake yin sa. Sannan akwai jagora na mutum shi kaɗai ko shi da iyalinsa. Japan tana da jarrabawar gwamnati da ake ba jagorori masu tafinta shaida da ita, amma tun 2018 doka ta ba wanda ba shi da wannan shaida damar yin aikin ya karɓi kuɗi, don haka ba laifi ba ne mutum ya tambayi ko jagoran da za a ba shi mai shaida ne. A nawa ganin, wanda zai tafi da dattijo ko da ƙananan yara, ko wanda ba ya son sallarsa ta riƙa kuɓuce masa, gara ya ƙara kuɗi ya ɗauki jagora na kansa ko da na kwana ɗaya ne.

Kafin biya, sai a rubuta wa kamfanin wasiƙa a tambaye shi abubuwa a fili: shin kuɗin ya haɗa da tikitin shiga wurare da abincin rana, a ina za a haɗu kuma a ina za a rabu, tsawon tafiyar ƙafa nawa ce, kuma me zai faru da kuɗin idan guguwa ta sa an soke yawon. Batun abinci shi ya fi cancantar a tsaya a kansa. Cewa kawai ba ka cin naman alade ba ta wadatar ba, domin mai girki zai iya cire yankan naman daga saman kwanon taliya ya kawo maka, alhali romon da ƙashin alade aka dafa shi. Bayan haka, girkin Japan yana yawan amfani da giyar shinkafa iri biyu, sake da mirin, a cikin miya da abin da ake shafa wa kifi, har mai girkin ba ya ɗaukarsu a matsayin giya sai dai kayan ɗanɗano, kamar yadda muke ɗaukar daddawa. Don haka a rubuta abu uku dalla-dalla, wato alade, da romo ko kitsensa, da giyar girki, a kuma roƙi jagora ya rubuta su da Japananci a kan 'yar takarda da za a riƙa nunawa. Akwai gidajen abinci na halal a Kyoto da Osaka da Kobe, amma babbar bas ba za ta karkata hanya saboda mutum ɗaya ba. Idan kamfani ya kasa ba da tabbaci, sai a zaɓi tsarin da babu abincin rana a cikinsa, a tafi da guzuri.

Salla ma tana buƙatar shiri. Bahaushe ya saba cewa zai fuskanci gabas, amma a Japan alƙibla tana yamma ce, ta ɗan karkata zuwa arewa, kuma na ga wanda ya shimfiɗa dardumarsa ya ba Makka baya saboda sabo. Filin jirgin Kansai yana da ɗakunan salla, wasu manyan tashoshi da kantuna ma suna da su, amma a wuraren tarihi da wuya a samu. Lokutan kuma suna sauyawa fiye da yadda muka sani: a watan Disamba rana takan faɗi kafin ƙarfe biyar na yamma, a watan Yuni kuwa takan fito kafin biyar na safe. Yana da kyau mutum ya zauna da malaminsa kafin tafiya ya ji hukuncin ƙasaru da haɗa salloli, sannan ya gaya wa jagora tun da safe cewa zai buƙaci minti goma bayan abincin rana. Wanda Juma'a za ta riske shi a yankin, ya nemi a sa Kobe a ranar, domin a can ne masallacin da aka gina a 1935 yake, wanda ya tsira daga ruwan bama-baman yaƙin duniya na biyu da kuma girgizar ƙasar 1995.

Idan ranar ta zo, babu abin da ya kai kiyaye lokaci muhimmanci. Mun saba da motar Kwangila wadda ba ta tashi sai ta cika, mun saba kuma da ɗaurin auren da aka sa ƙarfe goma a yi shi sha ɗaya. A can, idan jagora ta ce a dawo ƙarfe biyu da minti arba'in, to ma'anarta ke nan, kuma zuwa a kan lokaci a wurinsu shi ne isowa da minti biyar kafin lokacin. Ni kaina na taɓa shagala da ɗaukar hoto a kurmin gora na Arashiyama, na dawo a makare da 'yan mintuna, na tarar da kowa a zaune, jagora tana tsaye a ƙofar bas da takardar sunaye a hannu. Ba ta yi mini faɗa ba, sai ma ta sunkuya ta ba sauran fasinjoji haƙuri a madadina, abin da ya fi faɗa zafi. Dabarar da na koya daga ranar ita ce, da zarar an sauka a ɗauki hoton motar da lambarta da wurin da ta tsaya, domin motocin suna kama da juna, sannan a saita ƙararrawar waya minti goma kafin lokacin dawowa.

Ƙafa za ta sha aiki. Kyoto ta kasance mazaunin sarkin Japan daga 794 har zuwa 1868, kuma yawancin wuraren da ake kai baƙi a gefen duwatsu suke. Hanyar gidan bauta na Kiyomizu hawa ce mai cunkoso, Fushimi Inari mai dubban ƙofofi jajaye kuwa, wanda zai kai ƙololuwar dutsen ya dawo sai ya ci awa biyu zuwa uku, shi ya sa masu bas ke tsayawa a ƙasa kawai. A tsohon ginin tsaro na garin Himeji, da ke yamma da Kobe, matakalan katako ne masu tsayi da ƙunci, kuma ba a hawa da takalmi. Cire takalmi ba baƙon abu ba ne ga wanda ya saba shiga zaure ko fadar Zazzau, bambancin kawai shi ne a can ana son a shiga da safa mai tsabta, ba da ƙafa tsirara ba. A zaɓi takalmi mai sauƙin cirewa, a bar babbar riga a otal, domin kaftani mai matsakaicin tsawo ya fi dacewa da matakala.

Yawancin waɗannan wurare gidajen bauta ne na addinin Buda ko na Shinto. Jagora zai nuna yadda ake wanke hannu a bakin ƙofa, da yadda ake sunkuyawa a tafa hannu a jefa tsaba, amma babu wanda zai tilasta wa baƙo ya yi. Ya isa mutum ya koma gefe ya yi shiru har a gama. A Nara, wadda ta yi zamanin babban birni daga 710, akwai gunkin Buda na tagulla mai tsawon kusan mita 15 a Todaiji, da bareyi fiye da dubu da ke yawo a sake. Idan aka sayi biskit ɗin da ake sayarwa domin su, a ba su da sauri a kuma nuna musu tafin hannu babu komai, in ba haka ba za su ja riga har su ci takardar da ke aljihu. A unguwar Gion ta Kyoto kuma, an hana ɗaukar hoto a lungunan da ba na gwamnati ba tun 2019, da tarar yen (kuɗin Japan) 10,000, saboda yadda baƙi suka riƙa tare matan da ke sana'ar nishaɗantarwa ta gargajiya.

Sauran abubuwan ƙanana ne, amma suna hana jin kunya. Ba a amsa waya a cikin jirgin ƙasa, doguwar gaisuwa da mutanen gida sai an sauka. Kwandon shara yana da wuyar samu, don haka a riƙe leda a jaka. Doka ta wajabta wa baƙo ya riƙe fasfonsa a jikinsa ko'ina. A tanadi tsabar yen saboda ƙananan shaguna, a sayi katin ICOCA domin jirgi da bas, a kuma tafi da adafta mai baki biyu shimfiɗaɗɗu, tunda filoginmu mai baki uku ba ya shiga soket ɗinsu. Lokacin furen itacen sakura a ƙarshen Maris da farkon Afrilu, da lokacin jan ganye a Nuwamba, su ne mafi kyawun gani kuma mafi cunkoso, sai an kama wuri da watanni; makon hutunsu na ƙarshen Afrilu zuwa 5 ga Mayu kuwa gara a kauce masa.

Idan aka ɓace wa ayari, kada a shiga nema lungu-lungu. A tsaya inda ake a kira lambar jagora, wadda ya kamata a karɓa tun da safe, ko a nufi ƙaramin ofishin 'yan sanda da suke kira koban, a nuna katin otal. Lambar 'yan sanda 110 ce, ta motar asibiti da 'yan kwana-kwana kuma 119. A ƙarshen yawo hannu zai so ya shiga aljihu domin a ba jagora na goro, amma ba al'adarsu ba ce, wani ma zai bi ka da kuɗin yana zaton mantawa ka yi. Wanda yake son nuna godiya ya tafi da 'yar tsaraba daga gida, kamar ƙaramar jakar fata ko hula zanna, ya naɗe ta da kyau, ya miƙa da hannu biyu.