Kurakuran da ɗalibanmu ke yi in sun zo saka Hausa cikin alamomin manɗiƙi

Jiya bayan Isha'i wani ƙanina da ke majistir, wato digiri na biyu, a nan Madina ya kawo min babi na biyu na risalarsa, muna zaune a sakan ana shan shayi da tamis, wai in duba masa kafin ya kai wa daktur. Kan ilimin ma'ana yake rubutu da misalan Hausa, kuma wallahi yaron ya yi ƙoƙari, shafi cike da alamomin manɗiƙi, wato ilimin ƙa'idojin tunani, da bishiyoyin li'irabi, sai dai kurakuran da na gani su ne dai na kullum, shi ya sa na ce bari in rubuta ko wani zai amfana.

Wanda ya fi damuna shi ne maganar "kowa". An koya mana ∀ na nufin duka, to sai ɗalibi duk inda ya ga kowa ko komai ya manna alamar, in ya ga "ba... ba" ya sa alamar korewa a can farko, shikenan wai ya gama. Tsaya mana. "Ban ga kowa ba" da "ba kowa na gani ba" kalmominsu kusan ɗaya ne, amma ta farko ɗaki ka shiga ka tarar wayam, ta biyu kuwa ka ga mutane, wasu ne dai ba ka gani ba. In korewa ce a waje ta rufe ∀ to jimla ta biyu ka rubuta, ta farko sai dai ∀ ta hau kan korewar, ko ka ce babu wani x da na gani. Abin da na sa shi ya yi, ya ɗauko takarda ya rubuta Audu, Bala, Binta, ya ce Audu kaɗai aka gani, sannan ya tambayi kunnensa wace jimla ce gaskiya a wannan halin, ya koma ya tambayi alamomin nasa. Take ya ga sun saɓa, ko baki ban sa ba. Duk lissafin da ka rubuta ka yi masa wannan gwajin.

Sai ƙa'idar nan da ake jingina wa Frege, masanin manɗiƙi ɗan Jamus, cewa ma'anar jimla na fitowa ne daga ma'anar sassanta da yadda aka haɗa su. Ƙa'ida ce mai kyau, amma yaranmu rabin farko suke riƙewa. Sun ga "farar mota" abu ne da yake fari kuma yake mota, sai su ɗauka duk sifa haka take. To "tsohon gwamna" fa? Mutum ne da zai iya zama ko furfura bai fara ba, kuma yanzu ba gwamna ba ne, ka ga duka biyun sun faɗi kenan. "Jabun kuɗi" ma haka, je ka kai wa mai baƙala, wato mai kanti, ka gani ko kuɗi ne. Tun 1970 masanin manɗiƙi Richard Montague ya ɗauki sifa a matsayin abin da ke karɓar ma'anar suna ya mayar da wata sabuwa, kuma wannan hanyar ce ke ɗaukar irin su tsoho. Su kuwa farin jini, baƙin ciki, cin amana, kar ka wahalar da kanka wajen tsaga su, ka sa kowanne a ƙamus ɗinka dunƙule da ma'anarsa.

"Da" ma na kayar da mutane, musamman mu da wawun Larabci, wato harafin "wa", ya zauna mana a ka. Wawu na haɗa suna da suna, yana haɗa jimla da jimla, "da" kuwa sunaye take haɗawa, ba ka cewa Audu ya zo da Bala ya tafi, ita kuma ∧, alamar haɗi a manɗiƙi, jimloli take haɗawa. "Audu da Bala sun tafi Harami" za ka iya raba ta biyu, amma "Audu da Bala sun haɗu a Ƙuba" in ka raba sai ka samu Audu ya haɗu, da wa? Nan su biyun a dunƙule za ka ɗauka. Wannan ja-in-jar ba yau ta fara ba, a Bagadaza a ƙarni na 10 malamin nahawu Abu Sa'id Sirafi ya yi muƙabala da malamin manɗiƙi Matta bin Yunus kan fannonin nan biyu, har ma'anonin wawu ya tambaye shi.

A ginin jimla kuma, tun da masanin harshe Chomsky ya fitar da tsarinsa a 1957 abin da ake nema shi ne dokoki su samar da duk jimlolin harshe, su kuma hana waɗanda ba su ba ne. Ɗalibi sai ya rubuta jimla ita ce yankin suna da yankin aikatau, ya gwada da "Binta ta zo" ya ga ta fito ya yi murna, bai lura ba dokar tasa za ta fitar da "Binta ya zo", za ta fitar da "yara ne sun zo", alhali ko yaron goye "yara ne suka zo" zai ji a bakin uwarsa. Dole dokar ta san jinsi da adadi, ta kuma san in an fito da suna gaba da "ne" ko "ce" to "sun" na komawa "suka". Kuma don Allah a nan ku riƙa ba da misali da jam'i, domin "ya" ta "Audu ya zo" doguwa ce, ta "Audu ne ya zo" gajeriya, amma a boko ɗaya ake rubuta su, daktur ɗin da ba ya jin Hausa ba zai ga wani bambanci ba. Ƙanin nawa duk misalansa tilo ne, sai da muka zauna muka mayar da su "sun" da "suka" ɗaya bayan ɗaya kafin ya tafi.