Yadda ake gwada ƙasashen waje a san inda aka fi yi wa mutane ɓarna

In kana son sanin tsakanin Amurka da Ingila da Japan ina aka fi sata ko duka, ko don musun majalisa ne ko furojek aka ba ka a Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua, to ka fara ajiye alƙaluman 'yan sanda gefe guda tukun. Su abin da aka kai musu kaɗai suke rubutawa. Mu nan Katsina ai mun san wannan, a zare maka waya a kasuwa sai dai ka ce Allah ya isa ka je ka yi welkom bak ɗin layinka, wa zai tafi caji ofis? Can ma haka abin yake fa, a Amurka binciken gwamnati ya sha nuna cewa laifukan duka ko rabi ba a kai rahotonsu. Satar mota ce kusan kowa ke kaiwa, shi ma don kamfanin inshora ba zai biya ba sai da takardar 'yan sanda. Ga kuma bambancin ƙirga: Suwidin in mutum ɗaya ya yi wa mace fyaɗe sau da yawa kowane karo daban ake lissafa shi, sai ka ga adadinsu ya yi sama ka ɗauka sun fi kowa lalacewa.

Abin da za ka nema shi ne binciken da aka tambayi jama'a da bakinsu, kai an taɓa shiga gidanka? an ƙwace maka wani abu? Wanda aka tsara takanas don gwada ƙasashe shi ne ICVS, wato binciken ƙasa da ƙasa na waɗanda aka yi wa laifi, an fara shi a 1989, Jan van Dijk na Holan da Pat Mayhew ta Ingila da Martin Killias na Suwizalan suka kafa shi. Mutum wajen 2,000 ake tambaya a kowace ƙasa, galibi ta waya, tambayoyi iri ɗaya, aka maimaita a 1992, 1996, 2000 da 2004/05. Amurka na da nata irin binciken mai suna NCVS tun 1973, Ingila ta fara nata a 1982, masu kyau ne ƙwarai amma kar ka jera su kafaɗa da kafaɗa, tambayoyin ba ɗaya ba ne, kamar ka auna gero da tiyar wata kasuwa ka auna dawa da ta wata ne.

Daga nan ka duba mi aka ƙirga, mutanen da abin ya shafa ne ko yawan lokutan da aka yi? Gida ɗaya in an fasa shi sau uku, a lissafin farko ɗaya ne, a na biyu uku. Kuma kashi cikin ɗari za ka bi, ba jimilla ba.

Inda na fi so a dage shi ne rarrabe laifi. A zagayen ICVS na shekarar 2000, in aka haɗa duk laifukan, Ostireliya da Ingila ne a sama, Amurka na tsakiya, Japan can ƙasa, wanda ya saba kallon fina-finan harbe-harbe zai ce ƙarya ne. Ba ƙarya ba ne, jimillar ce ƙananan sata suka cika ta. Holan satar keke ke ɗaga ta sama saboda kusan kowa na da keke, don haka ka raba adadin da masu keken, ba da duk jama'ar ƙasa ba. Kisan kai kuwa ba ya cikin irin wannan binciken sam, mamaci ba ya amsa waya, sai ka je alƙaluman UNODC, ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da laifuka da miyagun ƙwayoyi, a can Amurka ta haura mutum 5 cikin kowane 100,000 a shekarar 2022, Japan ko 1 ba ta kai ba.

In ka ga tazarar ƙasa biyu maki ɗaya ne ko biyu cikin ɗari kar ka ce wata ta fi wata, mutum 2,000 ba su isa yanke wannan hukuncin ba. Sannan ka rubuta shekarar kowane adadi a gefensa, don zagayen 2004/05 ya tsufa, damfarar intanet da ta addabi mutane yanzu Ingila ma sai 2015 ta sa ta cikin tambayoyinta.