Yadda zaka daidaita shan mai da cin taya a mod ɗin Group C na rFactor

rFactor wasan tseren mota ne na kwamfuta, mod kuma ƙarin motocin da masu wasan suke haɗawa da kansu. Mod da yawa na tsofaffin motocin tseren dogon zango in ka sauke su, motar tayi kyau, ƙarar injin kamar gaske, amma kana shiga Le Mans, hanyar tseren awa 24 ta Faransa, sai kaga tanki ɗaya yana kai ka zagaye ashirin da wani abu alhali turbo na ƙure, taya kuma ko gezau. To wannan ya kashe wasan tun daga tushe, domin Group C, wato ajin waɗannan motocin, gaba ɗayanta dokar mai ce. Tun 1982 da aka kafa ajin ba a damu da girman injinka ba, ka kawo V12 irin na Jaguar ko turbo irin na Porsche, abinda aka ƙayyade maka shine tankin lita 100 da kuma jimillar man da zaka ƙona a tseren. Lita 600 a tseren kilomita 1000 da farko, daga 1985 aka rage zuwa 510. Saboda haka in shan mai bai zauna daidai ba, ba Group C kake tuƙawa ba, hoton motar kawai kake tuƙawa.

Zanyi bayanin ne akan rFactor na farko, na 2005, tunda nan yawancin tsofaffin mod ɗin suke. Masu GTR2 da GT Legends ku ma ku biyo mu, injin wasan ɗaya ne, sunan fayil ne ya bambanta, inda muke da hdv na mota da ini na inji da tbc na taya ku kuna da hdc da eng da tyr, layukan kuma da yawa sunansu iri ɗaya ne.

Kafin komai ka kwafe foldar motar gaba ɗaya ka ajiye gefe. Sannan cikin saitin wasan ka mayar da shan mai da cin taya zuwa daidai, banda ninki biyu ko uku ɗin nan, in ba haka ba duk awon da zakayi ƙarya ne. Notepad ya isheka aikin.

Mai tukuna, don shi lissafi ne tsagwaronsa

Kada ka fara da buɗe fayil, ka fara da neman lambar da kake so ka kai. Ka zaɓi shekarar da mod ɗin yake kwaikwaya ka ɗauko abu biyu, man da aka bayar a Le Mans na shekarar da kuma zagayen da mai nasara yayi. A 1988 lita 2,550 aka ba manyan motoci, Jaguar XJR-9 ta Lammers da Dumfries da Wallace tayi zagaye 394. Ka raba, ya baka wajen lita 6.5 a zagaye, wannan shine silin, wato in ma sun ƙone man ƙaf kenan. A 1985 kuwa da aka matse su zuwa lita 2,210, Porsche 956 ta Joest tayi zagaye 374, kaga lita 5.9 kenan. A 1983 lita 2,600 ne da zagaye 370, kusan lita 7. Kaga yadda shekara take canza komai, shi yasa mod ɗin da ya zuba lamba ɗaya ma 956 ta 1983 da 962 ta 1988 yake bani haushi.

Ka kuma duba wace Le Mans ka sauke. Ta 1988 kilomita 13.5 ce da ɗoriya kuma miƙaƙƙen titin Mulsanne mai kusan kilomita 6 babu abinda ya katse shi, sai a 1990 aka saka masa lanƙwasa guda biyu. In kayi awo a sabuwar hanya kana kwatantawa da lambar tsohuwa, birki biyun nan da sake taka totur daga ƙasa zasu ɓata maka lissafi.

Yanzu ka hau motar. Cika tanki, saka turbo a matakin tsere ba na neman gurbi ba, kayi zagayen fita ka manta da shi, sannan kayi kamar zagaye biyar a gudun da zaka iya riƙewa awa guda, kana rubuta litar da ta rage duk sanda ka tsallake layi. Allon cikin mota yana nunawa, in kana da abun nan mai fitar da bayanai zuwa MoTeC, manhajar duba bayanan mota, ma ya fi. Kada ka bar kwamfuta ta tuƙa maka wannan awon, ƙafarta daban da taka.

Ka buɗe fayil ɗin injin, sunansa yana rubuce cikin hdv in baka san wanne bane. Layin da kake nema FuelConsumption ne, zakaga ƴar ƙaramar lamba irin 4.0e-5. Wasan yana haɗa ta da yadda ka taka totur da kuma juyin injin, don haka gyaran kai tsaye ne: tsohuwar lamba sau abinda kake so, a raba da abinda ka auna. Misali ka auna 5.2 kana son 6.5, lambar 4.0e-5 zata koma 5.0e-5. Ka ajiye, ka fita daga hanyar ka sake shiga don wasan ya karanto sabon fayil, ka sake awo. Yawanci karo na biyu zakaga ya zauna, tanki yana kai ka zagaye 14 zuwa 15, wajen minti hamsin kenan a kujera.

Ga inda mutane suke faɗawa rami. A fayil ɗin injin akwai CombustionHeat, zafin da ake ƙara ma man injin akan kowace lita da aka ƙona. Ka ƙara shan mai da kashi 25 cikin ɗari, to ka ƙara zafi kenan baka sani ba, sai kaga injin da yake lafiya lau jiya yau yana tafasa a ƙarshen Mulsanne ko ya buga cikin dare, ka zauna kana zagin mai mod ɗin. Ka rage CombustionHeat da kwatankwacin abinda ka ƙara, a misalinmu ka ninka shi da 0.8, sai zafin ya koma inda yake.

Sai turbo, kuma wallahi nan ne daɗin abun yake. Layin BoostEffects lambobi uku ne, ta tsakiya itace ƙarin man da kowane mataki yake ci, 0.010 na nufin kashi ɗaya cikin ɗari, ta ƙarshe kuma lalacewar injin. A mod da yawa ta tsakiyar nan sifili ce ko kusa da sifili, wato ƙarfi kyauta, to wa zai sauke turbo? Ni ra'ayina ƙarin mai ya ɗan zarce ƙarin ƙarfi, in mataki ɗaya yana baka kashi 2 na ƙarfi to ya ci kashi 3 na mai, ta yadda in ka murɗa shi sama don ka kamo wani, zagaye ɗaya ko biyu zasu fita daga tankin. Matakin da kayi awo da shi shine zai tsaya akan 6.5, na sama su wuce, na ƙasa su baka rara. Jaguar da bata da turbo wannan zaɓin bai shafe ta sosai ba, nata tanadin a ƙafa yake, ɗaga totur kafin kwana da saurin canza giya. Direbobin lokacin da wannan fargabar suke rayuwa, a 1988 ɗin nan Klaus Ludwig ya ja tankin Porsche 962 ɗinsa har man ya yanke, na ajiya bai kawo ba, da kyar ya lallaɓo zuwa gareji, kuma a ƙarshe motar ta zo ta biyu da tazarar da bata kai zagaye ɗaya ba.

Cikin hdv ka tabbatar FuelRange ya tsaya a 100. A sashen PITMENU kuma akwai FuelTime, ka karanta bayanin da aka rubuta a gefen layin don gane wace lamba ce lita a daƙiƙa. A shekarun farko lita 50 a minti aka yarda a zuba, wato 0.83 a daƙiƙa, cikon tanki minti biyu cur. In mod ɗin na cika maka cikin daƙiƙa ashirin to tanadin mai bashi da riba. Abu ɗaya da wasan baya yi shine ƙirga jimillar lita 2,550, wannan kai zaka riƙe da biro da takarda, ko ku yarda tsakaninku cewa ciko kaza kowa zaiyi.

Kafin ka bar mai ka gwada a wata hanyar. Lita 510 a kilomita 1000 shine 0.51 a kilomita, Spa ta Beljiyam kusan kilomita 7 ce, kaga wajen lita 3.5 ya kamata ka gani. In Le Mans ta zauna Spa ta ɗan kauce kaɗan ba komai, barshi.

Taya kuma sai da ido da haƙuri

Anan babu wata doka da zaka raba ta baka amsa, kai zaka yanke abinda kake so sannan ka gina shi. Abinda nake bi: mai laushi ta kai tanki ɗaya tana nishi a ƙarshe, matsakaiciya ta kai biyu in an lallaɓa ta, mai tauri ta wuce haka amma ka biya da lokaci a kowane zagaye. In duk ukun suna kai tanki biyu babu zaɓi kenan, kowa mai laushi zai saka.

Sai dai kafin ka taɓa lalacewa ka duba zafi. A tbc kowace taya tana da Temperatures, lambar farko itace zafin da tafi kama titi. Kayi zagaye huɗu ka duba, in tayar tana yawo sama da wannan lambar sosai to santsin da kake ji ba suɗewa bane, zafi ne, kuma tayar da take zamewa tana ƙara cin kanta, abun ya zama zobe. Wani sai ya rage WearRate yana ganin ya gyara alhali iska ce tayi kaɗan ko kamba, wato karkatar taya, tayi yawa. Gyara iska da saitin mota tukuna, in bai yi ba sannan ka taɓa Heating da Transfer kaɗan kaɗan.

WearRate shine saurin cinyewa, kuma gaba daban baya daban. Lissafinsa irin na mai ne. Kayi tanki guda cikakke ka duba kashi nawa ta ci. Kace matsakaiciya ta ci kashi 15 a tanki, kai kuma kana son bayan tanki biyu ta kai kashi 60, wato 30 a tanki, sai ka ninka lambar biyu. Ka lura baya zata fi ci, mota ce mai injin a baya da ƙarfi mai yawa, ga nauyin mai wajen kilo 75 akan motar da bata wuce kilo 850 ba sosai, wannan daidai ne kada ka daidaita su da ƙarfin tsiya. Abinda zaka hana shine baya ta mutu gaba tana sabuwa fil.

Amma cinyewa kaɗai bata komai sai ka gaya ma wasan me take jawowa, aikin WearGrip1 da WearGrip2 kenan. Lambobi 16 ne, takwas takwas, kowace tana faɗin riƙon da ya rage a wani matakin cinyewa, daga kashi 6 har zuwa 100. Mutane sukan jera su suna sauka daidai wa daida, motar sai ta riƙa mutuwa a hankali tun zagayen farko, babu daɗi. Gara ka bari ta ɗan faɗi da wuri, kamar 0.990 sannan 0.985, wato sabuntar ta tafi, sai ta daɗe tana sauka a hankali zuwa wajen 0.96 a rabi, daga kashi 70 kuma ka sake ta ta gangara da sauri zuwa 0.85 ko ƙasa. Da haka mai tuƙi da hankali zaiyi tanki biyu lafiya, mai jan mota a kwana kuma zai tsinci kansa a gangaren tun tsakiyar tanki na biyu. Agogo ne alƙali, in tsohuwar taya tana cin maka daƙiƙa biyu zuwa uku a zagayen da ya haura minti uku, kana kan hanya, in ta kai goma ka wuce gona da iri.

Kada kuma kayi awon taya a Le Mans kaɗai. Rabin zagayen a miƙe kake, tayar hutawa take ta fuskar gogewa, wahalarta a can gudu ne da nauyin iska, irin wanda yasa Sauber ta janye motocinta a 1988 bayan taya ta fashe musu a Mulsanne lokacin gwaji. Ka kai motar Brands Hatch ko Silverstone inda kwana take bin kwana, in mai laushi bata kai rabin tanki a can to ka matsa da yawa.

Motocin kwamfuta

Duk wannan wahalar zata tashi a banza in abokan tserenka basa tsayawa lokacin da kake tsayawa. FuelEstimate a fayil ɗin injin baya canza abinda kake ƙonawa, ƙiyasin zagaye ne da gareji yake nuna maka kuma da shi kwamfuta take tsara tsayuwarta, don haka in gareji yace 18 kai kuma 15 kake samu ka ɗaga shi har su haɗu. In motoci duka ƙiyasinsu ya kauce a hanya ɗaya tak, laifin layin FuelUse ne a fayil ɗin aiw na hanyar, can zaka gyara ba a motar ba. AIFuelMult a hdv in yana -1 to wasan na ɗaukar na fayil ɗin plr ɗinka, wato fayil ɗin saitinka na ɗan wasa, ka saka lamba mai kyau in kana son wannan motar ta bi nata. Taya kuma AIWear ne a tbc, baya bin WearRate, duk ninkin da kayi ma ɗaya kayi ma ɗayan.

Gwajin ƙarshe ka haɗa tseren awa biyu ka zauna kallo kana gaggauta lokaci, ka rubuta zagayen da kowace mota ta shiga shan mai. Ana so su shigo tsakanin 13 da 15, ba duka a zagaye ɗaya ba kuma kar wata ta mutu a hanya. Wadda ta kauce ita kaɗai zaka koma ma fayil ɗinta. In kuma da abokai zakuyi ta intanet, kowa sai ya karɓi fayilolin nan iri ɗaya sak har da mai riƙe da sabar, harafi ɗaya ya bambanta wasan zai koro mutum waje.