Darasi na Bakwai: Cutar Toksoplasma da Masu Ba da Gudummawar Jini

Duk wanda ya taɓa yin jinya a asibiti ya san yadda ake neman jini cikin gaggawa, musamman idan mace ta yi zubar jini bayan haihuwa, ko yaro mai sikila ya galabaita, ko aka kawo waɗanda suka yi hatsarin mota. A ƙasashenmu 'yan uwa da abokan arziki ne galibi suke miƙa hannu a ɗibi jininsu. Kafin a ƙara wa majiyyaci wannan jini, ana gwada shi a ga ko yana ɗauke da cututtuka huɗu da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce dole a duba, wato HIV, da ciwon hanta nau'in B, da nau'in C, da tunjere. Akwai wata cuta wadda ba ta cikin wannan jeri, kuma ba a saba gwada ta ba a yawancin ma'ajiyar jini na duniya, alhali kuwa tana jikin mutane masu yawan gaske. Ita ce cutar toksoplasma, kuma a kanta za mu yi darasin yau.

Mece ce ita, kuma daga ina take?

Wata ƙwayar halitta ce ƙarama wadda ido ba ya gani sai da madubin likita. An fara gano ta a shekarar 1908 a ƙasar Tunisiya cikin jikin wata dabba mai kama da ɓera, kuma a wannan shekarar wani masani a Burazil ya gan ta a jikin zomo. Sai a wajajen 1970 aka tabbatar da cewa a hanjin kyanwa da danginta na daji ne kaɗai take haifar da ƙwai masu fita cikin kashi.

Kyanwa tana kamuwa idan ta ci ɓera ko tsuntsu ko ɗanyen nama mai ɗauke da ƙwayar. Daga nan sai ta yi mako ɗaya zuwa uku tana fitar da miliyoyin ƙwai a kashinta, bayan haka yawanci sai ta daina. Ƙwan ba ya iya cutar da kowa a ranar da ya fito, sai ya yi kwana ɗaya zuwa biyar a waje tukuna, amma da zarar ya nuna yana iya yin watanni, har fiye da shekara, a cikin ƙasa mai danshi. Ku tuna ɗabi'ar kyanwa: tana tona ƙasa mai laushi ta yi kashi ta binne. Tulin yashin da aka sauke don gini a ƙofar gida, wanda yara suke hawa suna wasa, da kwamin alayyafo a bayan ɗaki, su ne wuraren da ta fi so. Ruwan sama kuma yana wanke ƙasar ya kai ta tafki ko buɗaɗɗiyar rijiya. Tumaki da awaki da kaji suna haɗiye ƙwan wajen kiwo, sai ƙwayar ta shige cikin tsokarsu ta kwanta, tana jiran wanda zai ci naman.

Yawanta a jikin masu ba da jini

Masana sun kiyasta cewa kusan kashi ɗaya cikin uku na mutanen duniya sun taɓa kamuwa da ita. Masu ba da jini kuwa mutane ne masu jin kansu lafiya lau, shi ya sa masu bincike suke yawan duba jininsu don su san yadda cutar take a cikin al'umma. Wani nazari da aka buga a 2016, wanda ya tattara binciken ƙasashe da dama, ya nuna cewa kimanin mutum 33 cikin kowane 100 na masu ba da jini suna da alamar sun taɓa kamuwa. A nahiyar Afirka adadin ya kai wajen 46 cikin 100, a Asiya kuma wajen 29, yayin da Burazil da Habasha suka haura 70.

Waɗannan alƙaluma suna iya tayar da hankali, don haka sai an yi musu karatun natsuwa. Gwajin da ake yi ba ƙwayar cutar yake nema kai tsaye ba, yana neman makaman da garkuwar jiki ta ƙera don yaƙi da ita. Iri biyu ne ake dubawa. Akwai wanda ake kira IgG, wanda yake zama a jinin mutum muddin ransa, kamar tabon tsohon rauni da yake nuna an taɓa jin ciwo amma ba ya nufin har yanzu jini na zuba. Akwai kuma IgM, wanda yake bayyana a farkon kamuwa. A cikin nazarin da muka ambata, waɗanda aka samu da IgM ba su kai mutum 2 cikin 100 ba. Wato mafi yawan waɗanda gwaji ya nuna suna da alamar, tsohon kamu ne, ƙwayar ta daɗe da barin jininsu ta koma ta kwanta a tsoka da ƙwaƙwalwa, inda garkuwar jiki take tsare da ita.

Shin ana ɗaukar ta ta hanyar ƙarin jini?

Ana iya ɗauka, amma abu ne da ba kasafai yake faruwa ba. Haɗarin yana ga mutumin da ya kamu kwanan nan, domin a makonnin farko ƙwayar tana yawo a cikin jini, tana ɓuya cikin fararen ƙwayoyin jini. Sanyin firji ba ya kashe ta: ledar jini ana ajiye ta a sanyin digiri 2 zuwa 6 na kimanin kwana 35, ita kuwa ƙwayar an ga tana rayuwa har kwana 50 a irin wannan sanyi. Idan aka ƙara wa mutum mai ƙarfin garkuwa irin wannan jini, da wuya wani abu ya same shi. Waɗanda ake jiye wa tsoro su ne masu ciwon daji da ke shan magani mai ƙarfi, da waɗanda aka yi wa dashen ƙoda ko ɓargo, da masu HIV da garkuwarsu ta yi ƙasa, da jariran da aka haifa bakwaini, da mata masu juna biyu. Asibitocin da suke da hali suna tace fararen ƙwayoyin daga jinin da za a ba irin waɗannan majiyyata, kuma hakan yana rage haɗarin.

A nan ne aikin mai ba da jini yake. Tunda ba a gwada cutar, tambayoyin da ma'aikacin lafiya yake yi kafin a ɗibi jini su ne shinge. Yawancin waɗanda suka kamu ba sa jin komai, wasu kuma suna samun zazzaɓi mara tsanani, da kasala, da ciwon gaɓoɓi, da kaluluwa a wuya wadda takan yi makonni ba ta sace ba. Mutane sukan ɗauka zazzaɓin cizon sauro ne su sha magani su manta. Idan ma'aikaci ya tambaye ka, “Malam, ka yi rashin lafiya kwanan nan?” to ka faɗi gaskiya, ko da wanda ke kwance ƙanenka ne kuma kana ganin ba wani mai bayarwa sai kai. Kunya ko tausayi kan sa mutum ya ce lafiyarsa ƙalau, kuma wannan tausayi ne mai iya cutar da wanda ake son a ceta. A Birtaniya, wanda aka tabbatar ya yi wannan cuta sai ya jira wata shida bayan ya warke kafin a karɓi jininsa. Wanda kuwa aka taɓa gaya masa yana da tsohuwar alama, kuma yana cikin ƙoshin lafiya, babu dalilin da zai sa ya daina ba da jini. Ƙarancin jini a asibitocinmu ya fi wannan cuta kashe mutane nesa ba kusa ba.

Abubuwan da ke jawo kamuwa

Bincike a kan masu ba da jini ya sha nuna abubuwa biyu a gaba: cin naman da bai dahu ba, da cuɗanya da ƙasa. A Habasha cin ɗanyen nama al'ada ce mai tushe, a Burazil kuwa an samu ɓarkewar cutar ta hanyar ruwan sha, kamar yadda ya faru a wani gari na jihar Parana a 2001. Yawan shekaru ma yana ƙara yiwuwar samun alamar, domin wanda ya daɗe a duniya ya fi samun damar haɗuwa da ƙwayar.

Mu a nan muna dafa nama sosai a miya, kuma wannan kariya ce babba. Inda ake samun giɓi shi ne wajen gashi. Idan mai tsire yana sauri saboda masu saye sun taru, wuta takan ƙone bayan naman alhali cikinsa da sauran ja, haka nan gashin hanta da ake yi a gaggauce ranar Babbar Salla. Ka tsaga yankan ka duba. Idan cikinsa ja ne ko yana fitar da ruwa mai jini, a mayar da shi wuta. Uwar gida kada ta ɗanɗana nama kafin ya nuna, kuma wuƙar da aka yanka ɗanyen nama da ita kada ta taɓa tumatir ko latas sai an wanke ta da sabulu. Mahauta da masu aikin kwata su kiyaye kai hannu baki ko cin goro a tsakiyar aiki. Madarar akuya a tafasa ta kafin a sha.

Manomi da mai aikin lambu su wanke hannu da sabulu kafin cin abinci, har ƙarƙashin farce. Latas da kabeji da karas da ake ci ɗanye a wanke su da ruwa mai tsabta ana cuɗawa, ruwan rijiya ko na tafki kuma a tafasa shi, domin sinadarin kulorin da ake zubawa a ruwa ba ya kashe ƙwan wannan cuta. Kyanwar gida ba sai an kore ta ba, tunda shafa ta ba shi ne ke kawo cutar ba, kuma tana rage ɓeraye. A dai daina jefa mata ɗanyen nama, a kwashe kashinta kullum kafin ƙwan ya nuna, a rufe tulin yashi da buhu ko tamfol.

Mai juna biyu kada ta yi wannan kwasar da kanta. Idan mace ta kamu karon farko tana da ciki, ƙwayar tana iya ratsa mabiyiya ta kai ga ɗan tayi, ta jawo ɓari, ko a haifi jariri da ruwa a kai, ko matsalar ido da takan bayyana bayan shekaru. A Faransa ana yi wa masu cikin da ba su taɓa kamuwa ba gwaji kowane wata. Akwai magunguna, amma likita ne yake rubuta su bayan gwaji. Masu HIV kuma su riƙe ƙwayar Septrin idan an ba su a asibiti, domin tana hana tsohuwar ƙwayar da ke kwance a ƙwaƙwalwa farkawa ta kawo ciwon kai mai tsanani da jijjiga da shanyewar ɓarin jiki.

Aikin gida

Kowane ɗalibi ya zagaya gidansu ya gano inda kyanwa take binne kashinta, ya rubuta sunan wurin da jimla biyu a kan abin da za a yi masa. Sannan ku zauna biyu-biyu, ɗaya ya zama ma'aikacin ɗibar jini, ɗayan ya zama wanda ya yi zazzaɓi da kaluluwa makonni uku da suka wuce kuma yayarsa tana buƙatar jini, ku rubuta hirar da za ta gudana tsakaninku, ku kawo ta aji a zama mai zuwa.